Mace ɗaya, finafinai shida: Darasin Jamus ga masu fim ɗin Hausa

Da yammacin wata Asabar na shiga Babbar Kasuwar Kaduna, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, na tsaya a rumfar wani matashi mai tura finafinai a waya. A da irin waɗannan rumfuna cike suke da kaset-kaset na bidiyo, daga baya faifan sidi ya kore su. Yau kuwa kwamfuta ɗaya ce a kan tebur da tarin igiyoyi, mutum ya miƙa wayarsa a zuba masa abin da yake so. Na tambaye shi ko yana da fim ɗin Jamus. Ya ɗago kai ya dube ni, ya yi dariya ya ce, "Jamus kuma, Baba? Ai da mota da ƙwallo muka san su. Akwai fassarar Indiya, akwai na Koriya, akwai na Turkiyya, ga kuma namu na gida."

Yaron bai yi ƙarya ba. Bahaushe ya san Jamus ta Marsandi, ta ƙungiyar Bayern Munich, da kuma Sashen Hausa na DW da ya daɗe yana sauraro, amma finafinanta ba su iso kasuwanninmu ba. Wannan ya sa na ga ya dace in kawo wa mai karatu taƙaitaccen labarin wasu finafinai shida da darakta Christian Petzold ya yi da jaruma ɗaya, Nina Hoss, tsakanin 2001 da 2014, domin akwai abin da suke faɗa da ya shafe mu kai tsaye.

An haifi Petzold a 1960, ya yi karatun fim a Berlin, inda ya haɗu da malaminsa Harun Farocki, wanda ya riƙa taya shi tsara labarai har rasuwarsa a 2014. Ita kuwa Hoss an haife ta a Stuttgart a 1975, kuma ta goge a wasan daɓe. Duk da cewa a kowane fim sunanta da sana'arta daban, mai kallo zai lura cewa tambaya ɗaya ake maimaitawa: yaya mace take rayuwa idan bashi, ko hukuma, ko miji, ko tarihi ya ɗaure mata ƙafa?

Na farko shi ne Toter Mann na 2001, wato "mataccen mutum". Hoss ta fito a matsayin Leyla, wata mata marar yawan magana da ta kusanci wani lauya har ya kamu da son ta. Ashe ba shi take nema ba. Wani mutum da lauyan yake karewa take bibiya, wanda ya kashe 'yar'uwarta, ya gama zaman kurkuku ya fito. Labarin ya tsaya a kan abin da ramuwa take yi wa mai ɗauke da ita a zuci shekara da shekaru.

A 2003 suka yi Wolfsburg, sunan garin da kamfanin Volkswagen yake. Philipp dillalin motoci ne. Yana tuƙi yana cacar baki da budurwarsa a waya, ya banke wani yaro a kan keke, ya waiga bai ga kowa ba, ya gudu. Yaron ya rasu a asibiti. Mahaifiyarsa Laura ta shiga bin garejin gyaran mota da wuraren tara tsofaffin ƙarafa tana neman motar da ta kashe mata ɗa. Philipp kuwa zuciyarsa ta hana shi sakat, ya riƙa kusantar matar yana taimaka mata ba tare da ya faɗa mata ko shi wane ne ba, har shaƙuwa ta shiga tsakaninsu. Rana ɗaya gaskiya ta yi halinta. Duk wanda ya taɓa ganin an kaɗe mutum a titunanmu direba ya tsere ya san ba sai an je Turai ake samun wannan labari ba.

Yella na 2007 shi ya ɗaga sunan Hoss, domin da shi ta ci kyautar jarumar da ta fi kowa a bikin finafinai na Berlin. Yella 'yar Wittenberge ce, wani gari a bakin Kogin Elbe a tsohuwar Jamus ta Gabas, inda masana'antu suka durƙushe bayan haɗewar ƙasar a 1990. Ta samu aikin akawu a Hanover, tana so ta tsere wa mijinta Ben wanda ya karye a kasuwanci. Ranar tafiya ya nace sai ya kai ta tashar jirgi, da suka hau gada sai ya karkata motar da gangan suka faɗa kogi. Muka ga ta fito a jiƙe, ta kama jirgi, ta isa ta tarar aikin babu shi. Ta haɗu da wani mai zuba jari a kamfanonin da ke cikin matsi, ta zama idonsa wajen karanta lissafi, har kwaɗayi ya kai ta ga matsa wa wani ɗan kasuwa lamba ya hallaka kansa. A ƙarshe sai fim ya mayar da mu kan gada: ashe Yella ba ta fita daga ruwan da rai ba, duk abin da muka gani mafarkin mai shure-shuren mutuwa ne. Mutumin Kaduna da ya ga yadda masaƙun Kakuri suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya zai gane garin da Yella take gudu.

Jerichow na 2008 labarin mutum uku ne. Thomas tsohon soja ne da aka sallama daga Afganistan, ba shi da ko anini. Ali Baturke ne da ya yi arziki da shagunan sayar da abinci, aka ƙwace masa lasin tuƙi saboda shan giya, sai ya ɗauki Thomas direba. Matar Ali, Laura, bashi ne ya aurar da ita: shi ya biya mata, kuma idan ta bar shi bashin zai dawo kanta. Ita da Thomas suka ƙulla soyayya, suka shirya kashe shi. Ana gab da aikatawa Ali ya shaida mata cewa ciwon zuciya ya kusa kai shi kabari, kuma ya yi niyyar bar mata dukiyarsa. Da ya gano makircin, sai ya tuƙa motarsa ya faɗa daga kan tudu. Babu wanda ya fita da tsabta a cikin su ukun, kuma babu wanda mai kallo zai iya tsana gaba ɗaya.

Barbara na 2012, wanda ya ba Petzold kyautar darakta a Berlin, ya koma shekarar 1980. Barbara likita ce a babban asibitin Charité da ke Berlin ta Gabas. Laifinta kawai ta nemi izinin barin ƙasa, sai aka jefa ta wani ƙaramin asibiti kusa da gaɓar teku. 'Yan sandan ciki na Stasi suna bincike mata ɗaki, har jikinta ba su bari ba. Shugabanta a wurin aiki, André, mutumin kirki ne, amma shi ma an sa shi ya riƙa kai rahotonta. Saurayinta na Jamus ta Yamma ya shirya mata tsallakewa ta ruwa zuwa Denmak. A daren tafiya sai wata yarinya mai ciki, Stella, ta gudo daga gidan horon Torgau ta faɗo hannunta. Barbara ta kai ta bakin teku, ta ba ta gurbinta, ita kuma ta koma asibiti ta zauna a gefen gadon wani majinyaci. Likitocinmu da ke auna tsakanin zama da ficewa waje za su ga kansu a wannan mata.

Na shida, Phoenix na 2014, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Nelly mawaƙiya ce Bayahudiya da ta tsira daga sansanin Auschwitz a 1945, harsashi ya lalata mata fuska. Aka yi mata tiyata, ta fito da kama da ta da, amma ba sak ba. Ƙawarta Lene tana so su tafi Falasɗinu, ita kuwa mijinta Johnny take nema a cikin kangayen Berlin. Ta same shi yana aikin ƙarfi a wani gidan rawa. Ya dube ta bai gane ta ba, domin ya riga ya binne ta a zuciyarsa. Abin da ya gani kawai mace ce mai kama da matarsa, sai ya nemi ta yi shigar marigayiyar su karɓi gadonta su raba. Ta yarda. Ya riƙa koya mata tafiyarta, da rubutun hannunta, da irin rigar da take sawa. Bai taɓa zama ya saurari abin da ya faru a sansanin ba, ya ma tabbatar mata babu wanda zai tambaya. Daga baya ta samu shaidar cewa ya sake ta a asirce gab da a kama ta. A fitowar ƙarshe ta ce ya kaɗa mata fiyano a gaban abokansu, ta fara waƙa, muryarta ta asali ta dawo, ya hango lambar sansanin da aka zana a hannunta. Hannunsa ya tsaya cak. Ta ɗauki rigarta ta fita.

Kisan Yahudawa miliyan shida abu ne da ba a haɗa shi da wani, amma ciwon wanda ya dawo daga hannun azzalumai ya tarar gida ba ya son jin labarinsa, mun san shi. A shekarar da aka fito da Phoenix aka sace 'yan matan Chibok 276. Ranar 28 ga Maris, 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, waɗanda aka sako na ƙarshe sai a watan Oktoba suka dawo. A Maris na 2024 aka kwashe ɗaliban Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun. Ana dawowa sai a yi barka, a ɗauki hoto, a ce a manta da abin da ya wuce. Me ke faruwa a ɗakin matar da ta dawo bayan wata shida a daji? Wane kallo miji yake yi mata, me kishiya da maƙwabta suke raɗawa? Finafinanmu sun cika da rikicin gado da soyayyar ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, wannan ɗaki kuwa da wuya kyamara ta leƙa shi.

Ba rashin gwanaye ke damun mu ba. Tun daga Turmin Danya na 1990 masana'antar ta fitar da mata masu hazaƙa, kuma Kaduna ta ba da nata kason: nan aka shirya Wasila, nan mujallar Fim ta fara fita a 1999, nan Rahama Sadau ta tashi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne daɗewar aiki tsakanin darakta ɗaya da jaruma ɗaya. Shekara goma sha uku Petzold da Hoss suka yi, fim shida kacal. Jarumarmu kuwa takan yi fiye da haka a 'yan watanni, daga wannan lokeshan zuwa wancan, wani lokaci a wurin ɗauka ake miƙa mata takardar labari. Kafin ta nuna, aure ko dakatarwa ko saɓani ya ɗauke ta, a kawo sabuwar fuska. Mun ɗanɗana amfanin daɗewa a Labarina na Malam Aminu Saira, inda Nafisat Abdullahi ta riƙe matsayin Sumayya zango bayan zango har mutane suka ɗauke ta tamkar 'yar gidansu, mun kuma ga yadda masu kallo suka ji zafin canjin da aka yi bayan ta bar shirin.

Akwai masu cewa fim ɗin Turawa ya saɓa wa tarbiyyarmu, kuma gaskiya ne akwai fitowa a wasu daga cikin waɗannan shida da ba za su wuce hukumar tace finafinai ta Kano ba. Ba kwaikwayon al'adarsu nake kira a yi ba, mun ga inda kwafar Indiya ta kai mu. Akwai kuma batun kuɗi: a Jamus hukumomi da gidajen talabijin suna tallafa wa mai fim, namu kuwa tun da kasuwar sidi ta mutu yana jiran abin da YouTube da masu talla za su ba shi. To amma abin da ya sa Phoenix ya yi ƙarfi ba tsada ba ne. Yawancinsa a ɗaki ɗaya na ƙarƙashin ƙasa aka yi shi, mutum biyu, da tebur, da gado. Abin da aka kashe masa shi ne lokaci: na rubutu, na karatu, na gwaji. Wannan kuwa ba ya buƙatar tallafin gwamnati.

Bayan 2014 Petzold ya koma aiki da wata jarumar, Paula Beer, a Transit da Undine, ita ma ta ci kyautar Berlin a 2020. Hoss ta ci gaba da fitowa a manyan finafinai irin su Tár na 2022, tana da shekara arba'in da bakwai. A wurinmu mace mai wannan shekaru sai dai ta fito uwar jarumi, ta yi faɗa a fitowa biyu ta koma ɗaki.

Kafin in bar kasuwa ranar nan, na ba yaron nan labarin Nelly a taƙaice. Ya daina danna kwamfuta yana sauraro, wata mata da ta zo karɓar wayarta ita ma ta tsaya har na kai aya. Da na gama sai ya ce, "Baba, in an fassara wannan da Hausa, wallahi zai tafi." Na ce masa fassara mai sauƙi ce. Abin da nake jira shi ne daraktan da zai zauna da jaruma ɗaya, su je Kuriga su saurari mata, su dawo su rubuta namu.