Ciwon Da Zazzaɓi Ke Bari A Jiki Bayan Ya Sauka



'Yan uwa, a garuruwanmu na Jazira da bakin kogin Shuɗin Nilu, daga Rufa'a da Hasahisa har zuwa Sinnar da Mai Wurno, mun saba auna lafiya da zafin jiki. Da zarar zazzaɓi ya sauka, mara lafiya ya sha kunu, sai a yi masa barka, a sa ran gobe zai ɗauki fartanya ya koma hawasha. To amma akwai waɗanda zazzaɓi ke sauka ya bar su da ciwon gaɓɓai, ko kasala mai nauyi, ko hazo a ido, har tsawon watanni. Wannan ciwo ne na gaskiya wanda likitoci suka san shi, kuma rashin saninsa yana sa mu zalunci marasa lafiyarmu ba da niyya ba.

Cututtuka huɗu da suka ratsa ƙasarmu

Na farko shi ne zazzaɓin Kwarin Rift. A ƙarshen 2007 ya ɓarke a jihohin Farin Nilu da Sinnar da Jazira, ya kashe fiye da mutum 200. Cuta ce ta tumaki da awaki da shanu, tana shiga mutum ta jinin dabbar da aka yanka, ko ɗan tayin da ta yi ɓarinsa, ko ɗanyen nono, ko cizon sauro. Yawancin mutane suna warkewa cikin mako guda. Amma a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, har zuwa mutum 2 cikin 100 cutar kan taɓa musu fatar ganin da ke can bayan ido, mako 1 zuwa 3 bayan fara ciwo. Idan tabon ya faɗa tsakiyar wurin gani, kusan rabin masu shi ba sa dawo da ganinsu kamar da.

Na biyu shi ne cikungunya, wadda mutanen Sudan suka laƙaba wa suna kankasha saboda yadda take ɗaure gaɓɓai. A 2018 ta mamaye Kasala, aka ƙidaya sama da mutum 13,000 kafin farkon Oktoba, ta kuma taɓa Gadarif da Khartum. An fara gano ta a Tanzaniya a 1952. Zazzaɓinta na 'yan kwanaki ne, amma ciwon wuyan hannu da yatsu da gwiwa da idon sawu yakan kai watanni, wasu har shekaru, musamman tsofaffi.

Na uku shi ne dengi, wanda ya yawaita a Gadarif da wasu jihohi tun bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, lokacin da famfuna suka ƙafe, kowa ya koma tara ruwa a randa da ganga. Bayan ya sauka, mutum kan yi makonni da kasala da rashin son abinci, wasu gashin kansu ya zube.

Na huɗu ita ce korona, wadda ta shigo Sudan a Maris na 2020. A Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar ciwon da ke biyo bayanta: alamomin da ake gani wata 3 bayan kamuwa, suka kai aƙalla wata 2, kuma ba a samu wata cutar da ta jawo su ba. Manyansu su ne gajiya, da haki, da mantuwa da wahalar tattara hankali.

Me ya sa ciwon ke daɗewa?

Dukkan waɗannan cututtuka ƙwayar bairas ce ke kawo su. Idan ta shiga jiki, garkuwar da Allah Ya halitta mana takan tashi ta yaƙe ta, kuma zafin jiki da kumburi alamun wannan yaƙin ne. A jikin wasu mutane, garkuwar ba ta kwantawa da wuri ko bayan an ci ƙarfin ƙwayar, sai kumburi ya ci gaba a gaɓɓai. Wani lokaci kuma cutar ta bar tabo a huhu, ko a ido, ko a tsokar zuciya. Akwai waɗanda jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya ke rikice musu, da sun miƙe tsaye sai zuciya ta yi ta dukan uku-uku, jiri ya ɗebe su. A ƙara da cewa wanda ya yi makonni a kwance yana cin abinci kaɗan, tsokarsa takan zube, jininsa ya ragu.

Akwai alama guda da ya kamata kowane mai gida ya sani. Wasu marasa lafiya idan suka matsa wa kansu da aiki yau, ba a take suke jin abin ba, sai gobe ko jibi su kwanta ɗungurungum. Shi ya sa za ka ga mutum ya je kasuwar Rufa'a ranar Asabar da ƙafarsa, ranar Litinin ya kasa zuwa masallacin ƙofar gidansa. Wanda bai sani ba sai ya ce ƙarya yake yi.

A je a gwada, kada a yi zato

Ba kowace kasala ce ragowar bairas ba. A yankinmu akwai tarin fuka, da kala'azar, da tsargiya daga ruwan magudanan gona, da zazzaɓin Malta da ake ɗauka daga ɗanyen nono, da ciwon sukari, da ƙarancin jini. Kowanne yana da maganinsa, kuma gwaji ne kaɗai ke rarrabe su. Mun saba kiran kowane zazzaɓi maleriya, a yi ta maimaita allura ba gwaji. Wannan asarar kuɗi ce, kuma yana ɓoye ainihin cutar.

A gaggauta zuwa asibiti idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, hazo ko baƙin ɗigo a gani, ruɗewa ko farfaɗiya, jini a dasashi ko baƙin bayan gida, idanu sun yi rawaya, ko sanyin ƙafafu da ke hawowa sama.

Game da magani, farasitamol shi ne mafi aminci ga zazzaɓi da ciwon jiki. A guji asfirin da ibuprofen matuƙar ba a tabbatar ba dengi ba ne, domin suna iya jawo zubar jini. Shan diclofenac wata da watanni ba da izinin likita ba yana cin ciki da ƙoda. Sakiya da tsaga a kan gwiwa ba sa kashe kumburin ciki, sai dai su ƙara gyambo.

Haƙƙin mara lafiya a kanmu

Shari'a ta riga mu tausaya masa. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kishingiɗe. A cikin Suratul Baƙara Allah Ya ba mara lafiya damar ajiye azumi ya rama daga baya. Kuma Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Ayyuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda cuta ta same shi ya yi haƙuri, ya kai kukansa ga Ubangijinsa. Doguwar jinya ba alamar fushin Allah ba ce, kuma bai halatta mu ɗora ta a kan kishiya ko maƙwabci da zargin sammu ba hujja.

Saboda haka, maigida ya rage wa matarsa daka da ɗebo ruwa har ta murmure. Malamin allo da na boko su yi wa ɗalibin da haddarsa ta ja baya uzuri, su ajiye bulala. Matasan unguwa su yi wa manomin da gaɓɓansa suka ɗaure gayya lokacin cirar gyaɗa ko tsinkar auduga, don kada shekararsa ta lalace. Kwamitin masallaci ya tanadi kujeru a gefen sahu, ya kuma tuna da irin waɗannan gidaje lokacin rabon zakka. Shi kuma mara lafiya ya koma aiki sannu a hankali, ya tsaya tun kafin ƙarfinsa ya ƙare, ya sha ruwa sosai, ya ci wake da ƙwai da ganye gwargwadon hali.

Rigakafi kuma yana hannunmu. Sauron da ke kawo dengi da cikungunya da rana yake cizo, kuma a ruwa mai tsafta yake ƙyanƙyasa. Mu rufe randuna da gangunan gida da na alwala a masallaci, mu juye su mu goge cikinsu kowane mako, mu kawar da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Mu tafasa nono kafin sha, kada mu yanka dabba mara lafiya, kada mu taɓa ɓarin dabba da hannu tsirara.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa jinyarsu ta zama kankarar zunubi, Ya dawo da zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.