Feshin Wake Da Lafiyar Ƙudan Zuma

'Yan'uwa manoma, lokacin feshin wake shi ne lokacin da masu amya suka fi kuka. Sai mutum ya je gindin itace ya tarar da ƙudan zuma zube a ƙasa, waɗansu matattu, waɗansu suna ta juyi sun kasa tashi. Sau da yawa maganin ƙwari ne sanadi, gama maganin da ke kashe tsutsar wake bai san ƙwaro mai amfani ba.

Ɓarnar iri uku ce. Ta farko, idan feshi ya sauka a jikin ƙudan zuma, kamar magungunan da aka rubuta Cypermethrin ko Dimethoate a kwalbarsu, nan da nan sai ya mutu. Ta biyu, wanda bai mutu ba yakan kwashi garin fure mai dafi ya kai amya, a ciyar da 'ya'ya da shi. Ta uku, akwai magungunan da ke shiga jikin tsiro har cikin fure, irin su Imidacloprid. Ko kaɗan ƙudan zuma ya sha sai ya rikice, ya kasa gane hanyar gida. Saboda haka ne a shekarar 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da irin waɗannan guda 3 a gonakin fili.

Hasarar ba ta mai amya kaɗai ba ce. Kabewa da kankana ba su yin 'ya'ya sai ƙwari sun kai gari daga fure zuwa fure, ƙudan zuma kuwa shi ne babban ma'aikaci a nan. Yakan yi tafiyar kilomita 3 neman abinci, don haka feshin mutum ɗaya yana iya taɓa amyar unguwa duka.

To, ina dabara? Furen wake da safe yake buɗewa, kafin tsakar rana ya rufe. Ku bari sai da yamma lis, bayan ƙudan zuma sun koma gida, sa'an nan ku yi feshi. Kada ku yi feshi ana iska. Kada ku wuce awon da aka rubuta. Kada ku wanke famfo a tafki ko bakin rijiya inda suke shan ruwa. A taron ƙungiya kuma, ku shirya ranakun feshi tare, ku sanar da masu amya tun da wuri.

Idan muka kiyaye waɗannan, ga wake a rumbu, ga zuma a tulu.