Ungulu da Mayankar Ibadan

Ungulu tsuntsuwa ce mai cin mushe da ta zaɓi zama kusa da mutane. Jikinta ƙasa-ƙasa ne mai duhu, fuskarta da maƙogwaronta ba gashi, sai ɗan tattausan gashi fari-fari da ya rufe ƙeya. Nauyinta bai cika wuce kilo biyu da rabi ba, amma idan ta buɗe fukafukai faɗinsu ya haura mita ɗaya da rabi. Fatar fuskarta kan yi ja wur idan ana rububin nama ko ta harzuƙa, ta koma fari-fari idan ta natsu.

Bakinta siriri ne, ba shi da ƙarfin farke fatar saniya. A daji sai ta jira maiki da sauran manyan 'yan uwanta su buɗe mushe, sannan ta bi tsakanin ƙasusuwa tana tsintar abin da ya maƙale. Wannan rauni ne ya kawo ta gari, inda wuƙar mahauci ta riga ta gama mata aikin: guntun hanji, daskararren jini, tarkacen tumbi da aka zubar a bayan kwata. Tana kuma cin shinge idan ya fito da farkon damina. Ruwan cikinta yana da tsami ƙwarai, yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama, don haka abin da ta haɗiye ba ya komawa ya cuci dabba ko mutum.

Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, kuma masana tsuntsaye ba su ƙaryata su ba.  Idan hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara tashi sama, sai ta hau wannan iskar tana kewaye ba tare da kaɗa fiffike ba. Da ido take neman abinci, ba da hanci ba, kuma kowace tana lura da ta kusa da ita. Ɗaya na sauka, sauran sun gani.

A Ibadan rayuwarta ta daɗe tana tafiya da cinikin shanu. Tun da aka kafa unguwar Sabo a 1916, fatake ke kawo shanun Arewa, wasu a ƙasa wasu a jirgin ƙasa, masu masauki da dillalai na Sabo suna haɗa su da mahautan Yarbawa. Daga baya kara ta zauna a Bodija, sannan ta koma Akinyele a kan hanyar Oyo, inda tireloli ke sauke shanu a yau. A da, duk inda aka yi yanka akan ga ungulaye jere a kan rufin kwano suna jira. Yanzu balbela da hankaka da shirwa ne ke bin bayan mahauta, ungulu kuwa sai a daɗe ba a ga ko ɗaya ba. Su waɗannan ukun suna tsinta daidai gwargwado, amma ba sa share wuri kamar yadda garken ungulaye ke yi.

Akwai tatsuniyar da ta zaga Afirka ta Yamma, wai duk lokacin da ruwa ya yi wa ungulu duka sai ta yi alkawarin gina gida gobe, rana na fitowa ta shanya fukafukai ta manta. Shanyar gaskiya ce, takan yi ta don busar da gashi, amma zargin lalaci ƙage ne. Tana gina sheƙa da itatuwa can ƙololuwar doguwar bishiya irin su rimi, giginya ko kuka, kuma takan koma wa sheƙa ɗaya shekara da shekaru. Masu cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya suna nufin mutum ya koma halinsa na da, sai dai sun faɗi ɗabi'ar tsuntsuwar daidai. Da rani take ƙwai, guda ɗaya tak. Mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci na kusan kwana 50, ɗan kuma ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi. Tsuntsuwar da ke hayayyafa haka a hankali ba ta iya maye gurbin waɗanda ake kashewa.

Ba ta da farin jini a wurin Bahaushe. Ba a cin ta, kuma idan aka ce an yi wa mutum ungulu da kan zabo, to an sayar masa da banza a rigar abin kirki. Yarbawa, masu kiran ta igun, suna ganin ta da kwarjini a al'adarsu ta gargajiya, inda aka hana kashe ta ko cin ta, kuma ake ɗaukar cin hadayar da ta yi a matsayin alamar karɓuwa. Wannan kwarjinin bai cece ta ba. Bokaye na Kudu da na Arewa suna neman kanta da ƙafafunta da gashinta don haɗa asirin sa'a, farin jini ko gane ɓoye, har busassun ungulaye suka zama haja a rumfunan masu sayar da kayan magani. Da suka yi ƙaranci a Najeriya, sai aka shiga kawo su daga ƙasashen maƙwabta. A 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau, da yawa an same su ba kai. Sare manyan bishiyoyi don gine-gine ya ƙara rage mata wurin sheƙa.

A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Indiya ta riga ta ga abin da ke biyo bayan ɓacewar ungulu: a shekarun 1990 maganin dabbobi na diclofenac ya hallaka fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu jinsunan ungulayenta, mushe ya taru, karnukan sake suka yawaita tare da cutar haukan kare, sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. A Najeriya, Gidauniyar Kare Muhalli ta NCF tana zama da masu maganin gargajiya don su koma amfani da tsirrai a madadin sassan ungulu, kuma ana tunawa da ungulu a duniya ranar Asabar ta farko a watan Satumba.