Ɗan Ƙaramin Jirgin Ƙasa Mai Hayaƙi: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani

Duk wanda ya saba cin kasuwar Baleyara ranar Lahadi ya san cewa rabin ribar ɗan kasuwa a hanya take ƙarewa. Ko dabbobi ne za a kai Yamai, ko dankalin Bankuku, ko buhunan wake daga ƙasar Kurfai, sai an yi ciniki da mai mota kafin a yi da mai saye. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi wani abin sufuri da maƙwabtanmu na Najeriya suka taɓa mora, wato ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da tururi.

Yadda suke aiki ba wani abin wuya ba ne. Ana hura wuta da itace ko kwal a ƙarƙashin wata doguwar tukunyar ƙarfe mai cike da ruwa. In ruwan ya tafasa, ƙarfin tururin ne ke tura sandunan da ke juya ƙafafun jirgin. Faɗin dogonsu kuwa bai wuce santimita 76 ba. Saboda wannan ƙanƙanta, shimfiɗa shi ba ya cin kuɗi da yawa, yana iya bin gefen hanya, ya karya kwana, ya ratsa cikin gari.

Na farko a Arewacin Najeriya shi ne wanda Turawan Ingila suka shimfiɗa a 1901, zamanin Gwamna Lugga, daga Wushishi zuwa Zungeru, tafiyar kusan kilomita 19. Jiragen ruwa ke kawo kaya ta Kogin Kaduna, shi kuma ya kwasa ya kai Zungeru, wadda ta zama hedkwatar mulkinsu. A 1902 aka ƙara tsawonsa zuwa Barijuko. An adana kan jirginsa guda ɗaya a Minna don tarihi.

A Ikko ma an buɗe irinsa a 1902. Yana tasowa daga Iddo, ya haye gadar Carter, ya bi titunan tsibirin yana ɗaukar ma'aikata da 'yan kasuwa da kayansu. Bayan an daina ɗaukar fasinja, wani reshensa ya ci gaba da kwashe ƙazantar gari har 1933.

Amma wanda ya fi daɗewa shi ne na Zariya zuwa Jos da Bukuru, mai tsawon kusan kilomita 230, wanda aka kammala a 1914. Kafin zuwansa, a ka 'yan dako ke ɗaukar kuza daga tsaunukan Jos har bakin Kogin Binuwai. Da ya zo, sai kuza ta koma tarago, abinci da sauran kayan masarufi kuma suka riƙa hawa tudu zuwa wurin masu haƙa.

To me ya kashe shi? A nan ne darasin yake. Babban layin da ya iso Kano a 1911 ya fi shi faɗi, don haka taragon wannan ba ya hawa dogon wancan. Duk kayan da suka iso Zariya sai an sauke, a sake lodi. Mai kai kaya Yamai ta san ma'anar wannan: kuɗin dako sau biyu, ɓata lokaci, ga fashewar buhu. Da babban layi ya isa Jos ta Kafancan a 1927, sai kuza ta sauya hanya. Motoci kuma suka zo suka kwashe sauran cinikin, har aka rufe shi a 1957.

Mu a Nijar ba mu ga irin waɗannan jirage ba, amma mun ci moriyar dogon maƙwabta. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana bin jirgin Najeriya zuwa teku. Kayan da ke zuwa ta Kwatano kuwa, a da jirgi kan kawo su Faraku ne kawai, daga nan sai manyan motoci. A 2014 kamfanin Bolloré na Faransa ya fara shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikin buɗe shi a watan Janairun 2016. Sai dai ba a haɗa shi da Faraku ba, bai kuwa rage wa 'yan kasuwa ko dala a kuɗin mota ba.

Hausawa na cewa hanyar jirgi daban, ta mota daban. Ba muna kiran a dawo da jirgi mai hayaƙi ba ne, zamaninsa ya wuce, kuma itacen da zai ci ba mu da shi. Abin da muke cewa shi ne, duk ranar da aka sake tayar da maganar dogo, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata su yi wa hukuma tambayoyi uku: daga ina zuwa ina, da wane layi zai haɗu, kuma nawa za a biya wa buhu ɗaya? Kafin nan, a kula mana da hanyar Yamai zuwa Filinge, domin ita ce dogon da muke da shi.