Cizon Karen Ruwa da Saƙon da Ke Hana Mutane Zuwa Asibiti

Tun farkon damina wani saƙo ke yawo a zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa, har ya kai wayoyin masunta da masu lambu a bakin fadama. Yana tafe da bidiyon garken karnukan ruwa suna tsallaka titi, motoci sun yi layi suna jiransu. An rubuta cewa a nan kusa aka ɗauka, wai dabbobin sun fara shigowa gari suna satar yara su sha jininsu, wai kuma wasu ne suka sako su a tafkunanmu da gangan. Daga ƙarshe sai shawarar wani likita marar suna: wanda karen ruwa ya cija kada ya ɓata kuɗinsa a asibiti, domin dabbar da ke rayuwa cikin ruwa ba ta ɗaukar ciwon haukan kare, tunda mai wannan ciwon tsoron ruwa yake yi. A wanke wurin da ruwan rafi, a barbaɗa toka, shi ke nan.

Bidiyon na Singafo ne. Can ne karnukan ruwa suka sake bayyana a 1998, bayan aikin tsabtace kogin birnin da aka yi daga 1977 zuwa 1987, kuma yanzu ganinsu a titi ba labari ba ne a wurin mutanen garin. Batun shan jini ƙarya ce tsagwaronta. Abincinsu kifi ne da kaguwa da kwaɗi. Ba kuma wanda ya sako su. Afirka na da nata tun fil azal, kuma a Najeriya akwai ƙarami mai ɗige-ɗige a wuya, mai nauyin kilo 3 zuwa 6, akwai babba marar farce da kan haura kilo 15. Tsofaffin masunta sun san su, sun san ɓarnar da suke yi wa koma da gura.

Inda saƙon ya faɗi gaskiya shi ne suna cizo. Dangin dage ne, haƙoransu na fasa ɓawon kaguwa, kuma uwa mai 'ya'ya ba ta da wasa. A Nuwamba 2021 wani garke ya far wa wani mutumin Birtaniya a lambun shaƙatawa na Singafo, ya cije shi sau 26 cikin 'yan daƙiƙu. A Agusta 2023 guda ɗaya tak ya raunata mata uku a kogin Jefferson na jihar Montana a Amurka, har sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauki ɗaya zuwa asibiti. Irin wannan ba ya yawan faruwa. Galibi karen ruwa na jin motsin mutum yake nutsewa.

Shawarar likitan bogin nan ce za ta iya kashe mutum, kuma duk wanda ya ƙirƙire ta ya ɗauki alhakin da bai san girmansa ba.

Ciwon haukan kare na kama kowace dabba mai shayarwa. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, ta shiga ta rauni, ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Karen ruwa a cikin ruwa yake farauta, amma a tudu yake kwana, a ramukan gaɓa yake haihuwa, a nan kuma yake gamuwa da karnukan gari da sauran namun daji masu ɗauke da cutar. Tsoron ruwan da saƙon ya kafa hujja da shi alama ce da ake gani a jikin mutum bayan ciwon ya ci ƙarfinsa, lokacin da maƙogwaro ke shaƙewa in ya yi yunƙurin sha. Dabbar da ta kamu tana iya shan ruwa, tana iya iyo, yawunta ma kan ɗauki ƙwayar kwanaki kafin a ga wani canji a halinta.

Hujjar ba ta tsaya a littafi ba. A Satumba 2023, a garin Jufita na jihar Fulorida a Amurka, karen ruwa ya afka wa wani dattijo mai shekara 74 da ke ba agwagi abinci a bakin tafkin bayan gidansa, ya cije shi sau 41, ya kuma kai wa wani kare hari. Da aka kama shi aka gwada, sai ga cutar. An yi wa dattijon allurai, ya rayu. A 2024 kuma hukumomin Afirka ta Kudu sun tabbatar da ɓullar cutar a jikin dabbobin teku da ake kira sil, waɗanda suka fi karen ruwa daɗewa cikin ruwa nesa ba kusa ba.

Wannan ba ya nufin duk karen ruwan da ya yi cizo mahaukaci ne. Na Singafo ba su da cutar, domin ƙasar ta rabu da ita tun 1953. Amma a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu cutar na nan daram a cikin karnuka, kuma ba a gane dabbar da ta kamu da ido. Sai an gwada ƙwaƙwalwarta a ɗakin bincike. Wanda ya ciji mutum ya faɗa ruwa kuwa, wa zai kamo shi a gwada? Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin kowane 10 da ake cija yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Tana iya ɓuya wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Rauni ya warke, an manta. Ranar da alamu suka bayyana, kusan babu mai tashi.

Ba a ga laifin waɗanda suka yarda da saƙon ba. Hujjarsa ta yi kama da hankali, allurar rigakafin cutar na da tsada, ba kowane asibitin karkara ke ajiye ta ba, kuma mai kamun kifin da zai bar sana'arsa ya hau mota zuwa birni yana lissafin abin da iyalinsa za su ci. Wanda aka ce masa toka ta wadatar, an faɗa masa abin da aljihunsa ke son ji. Mai laifi shi ne wanda ya zauna ya tsara maganar, ya laƙa wa likita, da masu ilimin da suka tura ta gaba ba tare da tambayar kowa ba.

Abin yi bayan cizo ko yaƙushi sananne ne. A wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai tsabta, ana kwarara shi har minti 15. Kada a sa toka ko barkono ko ƙasa, kada a ɗaure tamau. A tafi asibiti ranar, a faɗi irin dabbar da ta yi cizon. Allurar ba sau ɗaya ake yi ba, akwai ranakun komawa, kuma sai an kammala su. In raunin mai zurfi ne akwai wani magani dabam da ake yi a cikin raunin kansa, ban da allurar tetanus da maganin ƙwayoyin cuta. A hana yara bin karen ruwa da jifa ko ɗaukar 'ya'yansa, a kuma yi wa karnukan gida rigakafi, domin kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu.

Jama'a, wanda ya tura wancan saƙo ya koma zauren da ya tura ya gyara. Wanda kuma ya san wani da aka cija, ko da makonni sun wuce, ko da raunin ya bushe, ya kai shi asibiti yau.