Ina Ruwanka da Ruwan Wanka?

Gabatarwa

A watan Afrilu, lokacin da zafin rana a birnin Sakkwato kan haura digiri 40, an kuma yi wata shida ba a ga ɗigon ruwan sama ba, duk wanda ya ratsa lungunan tsohon gari, ko na sababbin unguwanni irin su Mabera da Runjin Sambo, zai ga wani abin mamaki. Gulbin Rima ya janye, kududdufai sun ƙafe, ƙasa ta bushe ƙamas, amma a gindin katangar gidaje da dama akwai wani siririn ruwa baƙi mai kore-kore a gefe, wanda ba ya ƙafewa rani da damina. Da magariba ta yi kuma sai sauro ya taso kamar ana tsakiyar Agusta. Daga ina wannan ruwa yake fitowa? Amsa ita ce, daga makewayinmu.

Bari mu yi ɗan lissafi. Bokitin wanka matsakaici yana cin lita 15. Gidan da ke da mutum goma, in kowa ya yi wanka sau biyu a yini saboda zafi, ya zubar da lita 300 ke nan, wato duro ɗaya da rabi. Inda ake amfani da shawa kuwa abin ya fi haka, domin wankan minti biyar kaɗai yana iya cinye bokiti uku. Wannan ruwa dole ya nufi wani wuri. Maƙasudin wannan rubutu shi ne a nuna cewa duk inda ruwan wanka ya tsaya, a kan daɓe ne, a cikin bango ne, ko a bayan katanga, akwai wata halitta da ke jiran sa, kuma mu ne ke biyan kuɗin abincinta da lafiyarmu da dukiyarmu.

Me ya sa ruwa ke ƙin bin rariya?

Ruwa ba ya da ra'ayi, gangara yake bi. Idan mai karatu ya ga ruwan wanka ya bar rariya, wadda wasu ke kira wuriya, ya nufi ƙofa ko ya kwanta a wata kusurwa, to magini ne bai ba daɓen gangarar da ta dace ba. Ƙa'idar da masana gini suke bi ita ce daɓe ya sauka kimanin santimita 2 a kowace mita ɗaya, ya nufi bakin rariya. In gangarar ta gaza haka sosai, ruwa zai kwanta. In ta wuce kima, mai wanka ne zai zame.

Abu na biyu shi ne dokin ƙofa. Ya kamata daɓen wurin wanka ya yi ƙasa da na ɗaki ko tsakar gida, ko a gina masa ɗan tudu mai tsayin yatsu uku da zai tare ruwa. Sau da yawa a gidajen zamani akan shimfiɗa tayil tun daga ɗakin kwana har cikin banɗaki a miƙe, saboda ado, sai ruwa ya riƙa silalowa ta ƙarƙashin ƙofa yana jiƙa darduma. Mai labulen shawa kuma ya lura cewa gindin labulen ya faɗa ta cikin tudun, ba ta waje ba, domin labulen da ya sauka ta waje ya zama indararo, kwaso ruwan yake yi yana zuba shi inda ba a so.

Abu na uku ya fi wuyar gani. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ruwa ya fi ƙadangare iya shiga. A cikin tsaga mai ƙanƙanta kamar silin gashi, ruwa yana iya tafiya gefe, har ma ya hau sama, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Dalili shi ne ƙwayoyin ruwa suna manne wa jikin ƙasa da siminti, suna kuma jan junansu, kuma gwargwadon ƙanƙantar kafa, gwargwadon nisan da ruwan zai iya hawa. Shi kansa siminti, ko da mai kyau ne irin wanda ake yi a Kalambaina, cike yake da irin waɗannan ƙananan kafofi in ya bushe, musamman idan an cika masa yashi ko ruwa wajen kwaɓi. Tayil ba ya barin ruwa ya ratsa shi, amma farin simintin da ke tsakanin tayil da tayil yana bari. Bugu da ƙari, sabulu yana sassauta jan da ƙwayoyin ruwa ke yi wa juna a samansa da fiye da rabi. Wannan ne ke sa ruwan sabulu ya ratsa zaren tufafi ya fitar da datti, shi ne kuma ke sa ya jiƙe ya bazu a wuraren da tsagwaron ruwa zai tsaya a dunƙule.

Masu cin moriyar danshi

Ruwan wanka ba ruwa ne kawai ba. Yana ɗauke da sabulu, da maiƙon jiki, da matattun ƙwayoyin fata, sau da yawa har da fitsari. Ga mai nazarin halittu, wannan miya ce da aka gama haɗawa. Cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin bakteriya sukan manne a daɓen da ba ya bushewa, su lulluɓe kansu da wani yauƙi mai kare su daga ruwa da sabulu. Inda rana ke shiga, kamar makewayin da ba rufi, sai gansakuka ta hau kai. Wannan yauƙi shi ne santsin da ke kayar da mutane. Yaro zai faɗi ya tashi yana dariya, amma tsoho ƙashinsa ya riga ya yi rauni. Wata gyatuma a danginmu ta zame a makewayi da asuba za ta yi alwala, ƙashin ƙugunta ya karye, ba ta sake tafiya da ƙafafunta ba har Allah ya yi mata rasuwa. Da muka duba wurin daga baya, wani ɗan loko ne a daɓen, wanda cokalin magini biyu na siminti zai cike.

Akwai kuma dangin fumfuna. Wani jinsi daga cikinsu yana rayuwa ne da cin fatar mutum ta waje, shi ke haddasa cin ruwa, wato farin ruɓewa da ƙaiƙayi a tsakanin yatsun ƙafa. Ɓurɓushin fatar mai ciwon yana zuba a jiƙaƙƙen daɓe, na bayansa ya taka ya ɗauka. Shi ya sa ciwon ya fi yawa a makarantun kwana, inda ɗalibai da yawa ke wanka a wuri ɗaya. Kyankyaso ma danshi yake nema, domin yana iya jure yunwa fiye da ƙishirwa.

Sai shi kansa ginin. Ruwan da ya hau bango yana tafe da gishirin da ya narke a cikinsa. Idan ruwan ya bushe a iska, gishirin yakan daskare ya zama ƙananan ƙwayoyi masu tura yaɓe waje. Farin garin nan da ake gani a bayan bangon banɗaki, da fentin da ke kumbura yana zuba, duk aikinsa ne. A ginin ƙasa lamarin ya fi muni, domin gindin katanga ne ke zaizayewa a hankali duk tsawon rani. Idan ruwan Agusta ya zo katangar ta faɗi, sai a ɗora wa damina laifi, alhali ruwan wanka ne ya daɗe yana cin ta.

Sauron rani

Ruwan da ya fita ta rariya ya kwanta a lungu, gidan sauro ne, amma ya kamata ɗalibi ya san wane sauro. Wanda ya fi son ƙazamin ruwa mai sabulu shi ne Kuleks, mai launin ƙasa-ƙasa, mai yawan kuka a kunne da dare. Macen takan saka ƙwai ɗari zuwa ɗari uku a manne da juna, suna yawo bisa ruwa kamar ƙaramin kwalekwale. A zafi irin na Sakkwato, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi ba ya wuce kwana bakwai zuwa goma. Kuleks ba ya yaɗa zazzaɓin maleriya, amma a biranen Indiya da na gabar Afirka ta Gabas shi ne ke yaɗa tsutsar da ke kawo tundurmi da gwaiwa. Hasali ma ta dalilin wannan tsutsa ne aka fara gane cewa sauro yana ɗaukar cuta, lokacin da likita Patrick Manson ya gano ta a cikin sauro a garin Amoy na ƙasar Sin a shekarar 1877. Sai bayan shekara ashirin, a 1897, Ronald Ross ya gano ƙwayar maleriya a cikin sauro a Indiya.

Mai yaɗa maleriya shi ne Anofilis, wanda aka san shi da son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke bugu, kamar na sawun shanu da kududdufin damina. Sai dai bincike a Legas da wasu biranen Afirka ya nuna cewa ya fara sabawa da gurɓataccen ruwa. Haka kuma a shekarar 2020 an gano wani baƙon jinsinsa ɗan asalin Asiya, Anofilis sitifensi, a Jihar Gombe, wanda ya ƙware wajen hayayyafa a tankuna da kwandunan ajiyar ruwa na cikin birni. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Nijeriya suke. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da rarar da za ta riƙa kiwon sauro da rani.

Hikimar magabata

Kada a ɗauka kakanninmu ba su san wannan matsala ba. Mata kan taru su yi daɓe da tsakuwa, suna bugu da madaɓi har ƙasa ta haɗe ba kafa, suna yayyafa ruwan makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Magina kuma suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a shafe bango da soro don kada ruwa ya ratsa. Manufarsu ita ce manufar mai zuba siminti a yau: a toshe ƙananan kafofi. Abin da ya canza shi ne yawan ruwan da muke zubarwa da cunkoson gidaje. Ruwan ƙwarya biyu da a dā zai nutse a gindin bishiya, yau ya zama duro da rabi a lungun da ba fili.

Yadda za a gyara

Da farko a gwada daɓen. A zuba bokitin ruwa a kusurwar da ta fi nisa da rariya, a jira minti biyar, a zagaye duk inda ruwa ya kwanta da alli, a kira magini ya cike ya kuma daidaita gangarar. A shafe mahaɗar daɓe da bango da siminti mai ƙarfi, a lanƙwasa ta yadda ba kusurwar da ruwa zai maƙale. Inda tayil ne, a sabunta simintin tsakaninsa in ya fara zuba, a kuma toshe gefen bututu da danƙon silikon. A riƙa cire gashi da guntun soso daga bakin rariya, a share ruwa da tsintsiya bayan wanka, a bar taga a buɗe.

Bututun fitar ruwa ya kasance mai lanƙwasa, wadda ke riƙe ɗan ruwa kullum. Wannan dabara, wadda Alexander Cumming ya yi wa rajista a Ingila a 1775, ita ke hana wari da kyankyaso dawowa cikin ɗaki.

Daga nan sai ramin shan ruwa. A haƙa rami mai faɗi da zurfin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a cika shi da duwatsun marmara ko fasassun bulo, a shigar da bututu, a rufe samansa ruf da murfin siminti. Ƙasar tudu mai yashi tana shan ruwa da sauri. Ta kusa da fadama laka ce, tana bukatar rami mafi faɗi. Ramin ya nisanci rijiya da mita 30, ya kuma ɗan ja daga gindin katanga. Murfin shi ne ran aikin, domin ramin da sauro ke iya shiga ya fi buɗaɗɗiyar kwata haɗari. A garin Makunduchi na tsibirin Zanzibar, a ƙarshen shekarun 1980, masu bincike sun lulluɓe saman ruwan shaddodi da ƙananan ƙwallayen roba masu yawo bisa ruwa, sai yawan Kuleks a gidaje ya faɗi warwas. Darasin shi ne, in an raba sauro da fuskar ruwa, an raba shi da zuriya.

Aiki ga ɗalibai

Malami zai iya raba aji gida biyu. Rukuni ɗaya su ɗebo ruwa da ludayi daga bakin rariya, ɗayan daga wani kududdufi mai tsabta, a zuba a kwalabe a rufe da ƙyallen gidan sauro, a wanke hannu da sabulu. Tsutsar Kuleks tana rataye ne kanta a ƙasa, tana numfashi ta wani bututu a wutsiyarta. Ta Anofilis kuwa kwance take a miƙe ƙarƙashin fuskar ruwa. A rubuta abin da aka gani kowace rana har sauro ya fito, sannan a kashe shi, kada a sake shi. Gwaji na biyu: a tsayar da tubali da bulon siminti a cikin tire mai ɗan ruwa, a auna hawan danshi da rula kowace sa'a.

Kammalawa

Ruwa ba ya tsami banza, haka nan ba ya kwanciya banza. Wanka bai ƙare ba sai ruwan ya isa ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya tsabtace jikinsa ya tura dattin ƙofar maƙwabcinsa, rabin tsabta ya yi, kuma sauron da ya ƙyanƙyashe a can bai san iyakar katanga ba. Saboda haka yau in ka koma gida, ya kai ɗalibi, ɗauki bokiti ɗaya ka zuba a makewayinku, ka bi ruwan da ido har inda ya tsaya, sannan ka kira maigida ka nuna masa wurin.