Ina hankali yake tafiya in an yi wa mutum allurar barci?

Masu saurarenmu na Keita da Tamaske da Ibohamane da Garhanga, da na Buza da Madawa, da duk inda muryarmu take kaiwa a ƙasar Adar, shirinmu na musamman yau zai shiga ɗakin fiɗa ne, ɗakin da dangi ke tsayawa a ƙofarsa suna jan carbi.

Duk wanda ya taɓa raka majiyyaci Tawa ko asibitin Galmi ya san abin da ke cin ran mutane a wannan ƙofa. Allurar ta fi wuƙar likita ba su tsoro. Tambayar ɗaya ce: in an sa shi barci, zai tashi kuwa? Mun taso muna jin barci ƙanin mutuwa ne. Wannan tsoro ya sa mai gwaiwa yake ɗaure ciki shekara da shekaru, ya sa ake ajiye mai doguwar naƙuda a ɗaki har sai ƙarfinta ya ƙare.

To, me ke faruwa a cikin kai? Mai barci in ka tsunkule shi zai zabura. Wanda aka yi wa allurar kuwa, ko an buɗe cikinsa ba zai sani ba. Emery Brown, likitan sa barci a birnin Boston na Amurka, ya daɗe yana bayyana cewa yanayin ya fi kusa da doguwar suma, amma suma ce da likita ya jawo da magani, yake riƙe da linzaminta, yake kuma sakinta in aiki ya ƙare. A asibitin da yake aiki ne, ranar 16 ga Oktoba 1846, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa majiyyaci iskar wani magani mai suna ether a gaban jama'a, aka cire masa ƙari a wuya bai yi kururuwa ba. Kafin wannan rana, galibi danne mutum ake yi a yanka.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Sashe yana gani, sashe yana ji, sashe yana ajiye abin da ya wuce, kuma sai sun yi ta kai wa juna saƙo mutum yake sanin kansa da inda yake. A tsakiya akwai wani ɗan sashe da ake kira talamus, wanda yawancin saƙonnin jiki ke bi ta kansa. Ku ɗauki ranar da rezo ya ɗauke. Mutanen Keita suna nan da ransu, na Tamaske ma haka, kowa da salularsa a hannu, amma kira ba ya shiga. Haka maganin yake yi. Furofofol, farin ruwan nan da ake turawa ta jijiya, yana ƙara wa wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna GABA ƙarfi, shi kuwa aikinsa kwantar da ƙwayoyin jijiya. Cikin ƙasa da minti ɗaya zancen sassan ya yanke.

An gwada wannan a zahiri. A 2010 masu bincike a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka sun motsa ƙwaƙwalwar mutane da maganaɗisu daga waje. Ga wanda yake farke, motsin ya yaɗu zuwa sassa masu nisa. Da aka ba su maganin midazolam hankali ya gushe, sai motsin ya tsaya inda aka taɓa, ya mutu nan da nan. Kunne yana iya ɗaukar sauti, amma labarin ba ya isa inda za a fahimce shi, ba a kuma ajiye shi. Shi ya sa majiyyaci kan farka yana tambayar yaushe za a fara, alhali an ɗinke shi tuni.

Mu a nan maganin da ya kamata mu fi sani shi ne ketamin, wanda aka haɗa a 1962. Yana da araha, ba ya neman firji, kuma galibi yana barin mutum yana numfashi da kansa, ba ya kayar da ƙarfin jini. Inda iskar oksijin da na'urori suka yi ƙaranci, ya ceci rayuka masu yawa. Hanyarsa daban ce: yana raba ƙwaƙwalwa da abin da jiki ke ji, idanu a buɗe, mutum ba ya nan. Wajen farkawa wani yakan yi mafarkai masu ban tsoro, ya yi sambatu, ya kira sunayen matattu. Iyayena mata, don Allah kada ku ce iskoki ne suka hau shi. Magani ne ke fita. A rage hayaniya, a bar shi ya dawo a hankali. Tsoho kuma yakan rikice na ƴan kwanaki bayan aiki, ya kasa gane wuri. A faɗa wa likita, a kuma bar wanda ya saba da shi kusa.

Ba ma kowane aiki ake gusar da hankali ba. Yawancin matan da ake ciro wa jariri allurar baya ake musu, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu na ƴan awoyi, uwa tana farke tana jin kukan ɗanta na farko. Tun 2005 gwamnatin Nijar ta ayyana wannan aiki kyauta.

Haɗari akwai shi, ba za mu ɓoye muku ba, kuma babban rabonsa yana wajen numfashi. Shi ya sa ma'aikacin sa barci ba ya barin kan majiyyaci, idonsa na kan ƴar na'urar da ake maƙala wa yatsa mai auna iskar jini. Amma akwai haɗarin da mu dangi muke shigowa da shi a ƙwarya. In maganin ya kama, maƙogwaro ya daina tsare hanyar iska. Furar da aka ba majiyyaci a ɓoye don tausayi tana iya dawowa ta faɗa huhu, ta kashe shi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 babu abinci, kuma fura da koko da nono duk abinci ne.

Saboda haka in ma'aikaci ya tambaya, a gaya masa gaskiya. In an ci, a ce an ci, ko loma ɗaya ce. Matashin da ke shan tiramol ya faɗa, don jikinsa ba zai karɓi magani kamar na kowa ba. Mai shan jiƙo ko saiwa ya faɗa. Wanda wani nasa ya taɓa samun matsala da allurar shi ma ya faɗa. Kuma in likita ya ce aiki, a kai majiyyaci da sauran ƙarfinsa, kada a jira sai ya galabaita.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.